WASAN MUTUM BIYU A GIDAJEN GEM NA JIMETA: KO RABIN SA'A YA ISA?

Shekaru da dama ke nan da gidajen wasan talbijin, waɗanda yara ke ce wa gidan gem, suka sami gindin zama a Jimeta da Yola. Duk wanda ya bi ta unguwanni irin su Jambutu da Luggere da Doubeli da Nassarawo, ko kuwa ya nufi cikin garin Yola, ba zai yi doguwar tafiya ba sai ya ci karo da wani ɗan shago mai benci biyu ko uku, da akwatin talbijin a jikin bango, da na'urar PlayStation a ƙarƙashinsa, ga kuma ɗan injin wuta a bakin ƙofa yana ta ruri. Masu shiga irin waɗannan wurare galibinsu 'yan makaranta ne da yaran shaguna da masu koyon sana'a, watau mutanen da lokacinsu ba a hannunsu yake ba, aljihunsu kuma ba shi da nauyi. Wani daga aike ya ratse, wani jira yake yi maigidansa ya komo daga kasuwa, wani kuwa 'yar tazarar da ke tsakanin la'asar da magariba ita ce iyakar abin da ya mallaka.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne da ƙwallon ƙafa ya zama shi ne sarkin wasanni a waɗannan shaguna, ko dai FIFA, wanda aka sake wa suna EA Sports FC a shekarar 2023, ko kuwa PES, wanda ya koma eFootball tun 2021. In an bar kowane rabin lokaci a kan minti shida, kamar yadda FIFA ke zuwa a shirye, wasa guda bai fi kwatan sa'a ba, har da zaɓen 'yan wasa. Da alƙali ya busa usur an san wanda ya ci, an san wanda zai biya, sai a miƙa hannun wasan ga masu jira a kan benci. Mai shago ya san abin da zai samu a sa'a guda, yaro kuma ya san abin da kuɗinsa zai saya masa.

To, amma akwai wani irin wasa da ya yi ƙarfi a duniya cikin 'yan shekarun nan, wanda ya saɓa wa wannan tsari tun daga tushe. Shi ne wasan kasada na haɗin gwiwa, inda mutum biyu ke yin doguwar tafiya tare cikin labari guda, kowa yana dogara ga ɗan'uwansa, babu mai cin wani. Tambayar da ta kamata masu shaguna da iyaye da su kansu 'yan wasan su yi ita ce, shin irin wannan tafiya tana yiwuwa ga wanda ba shi da abin da ya wuce rabin sa'a a zama guda? Hanya mafi sauƙi ta samun amsa ita ce a ɗauki wasa ɗaya a dube shi ciki da bai, kuma babu wanda ya fi cancanta a ɗauka irin It Takes Two, wanda ma'anar sunansa ita ce sai da mutum biyu.

ASALIN WASAN

Wani kamfani ne mai suna Hazelight, da ke birnin Stockholm na ƙasar Suwidin, ya ƙera shi, kamfanin Electronic Arts na Amurka kuma ya fitar da shi kasuwa ran 26 ga watan Maris na 2021. Shugaban aikin, Josef Fares, haifaffen Labanan ne wanda iyayensa suka ƙaura da shi zuwa Suwidin yana yaro a zamanin yaƙin basasar ƙasarsu, kuma sai da ya yi suna wajen shirya fina-finai kafin ya juya ga wasanni. A watan Disamba na wannan shekara aka ba wasan lambar gwarzon shekara a bikin The Game Awards, ya zuwa watan Oktoba na 2024 kuwa an sayar da fiye da kwafi miliyan 20.

Labarin na wani magidanci ne, Cody, da matarsa May, waɗanda zama ya ƙi daɗi har suka yanke shawarar rabuwa. 'Yarsu Rose ta yi 'yan tsana biyu masu kama da su, ɗaya ta yumɓu ɗaya ta katako, ta yi kuka hawayenta ya zuba a kansu, sai iyayen suka farka suka tarad da kansu cikin jikin 'yan tsanan nan. Wani littafi mai magana, wanda ke kiran kansa Dakta Hakim, shi ya tsaya musu a hanya ya ce ba za su koma jikinsu ba sai sun koyi aiki tare. Daga nan sai tafiya ta miƙa cikin gidansu da kewayensa, inda duk wani ƙaramin abu ya zame musu dutse ko kogi ko dodo.

Ana raba allon talbijin gida biyu, kowa da nasa ɓangare. Abin da ya bambanta wannan wasa da sauran kuwa shi ne, sam ba a iya buga shi mutum ɗaya. Ba a yarda kwamfuta ta tsaya a madadin aboki ba. In babu mutum na biyu da zai riƙe ɗaya hannun, to, babu wasa.

TAFIYA ZANGO-ZANGO

Mafi yawan masu buga shi sukan kai ƙarshe cikin sa'a 12 zuwa 14. Wanda ya saba da wasan kwatan sa'a, jin wannan kaɗai ya isa ya sa ya juya baya, domin tsawon nan ya yi daidai da wasan ƙwallo kusan hamsin a jere. Sai dai tsawon hanya wani abu ne, yadda aka yanyanka ta kuma wani abu ne dabam. Fataken da, masu tasowa daga Kano da Katsina su nufo Adamawa, ba su taɓa cin hanyar a yini guda ba. Sun san inda za su yada zango, su sauke kaya, su kwana, gobe su ɗora daga nan. Irin wannan tsari aka yi wa wasan.

Da farko an raba shi babi bakwai: rumfar ajiye kaya, da bishiya, da ɗakin Rose, da agogon bango, da ƙwallon gilashi mai dusar ƙanƙara a ciki, da lambu, sa'an nan ɗakin saman rufi. Kowane babi an sake raba shi sassa-sassa masu suna, waɗanda za a iya komawa kansu daga jerin babi da zarar an taɓa isa wurin. A cikin kowane sashe kuma akwai ƙananan zanguna kusa da kusa, inda na'urar ke ajiye matsayin 'yan wasa da kanta, ba sai an umurce ta ba. Wanda ya faɗa rami nan take yake tashi a kusa da inda ya faɗa. Ko a fagen faɗa ma, muddin ɗaya yana raye, ɗayan zai farfaɗo ya komo, sai in duka biyun sun faɗi tare ne ake mayar da su baya, shi ma ba da nisa ba. Babu rayuka uku da za su ƙare a ce a koma farko, babu kuma tara makamai ko ƙarin ƙarfi da zai sa a yi ta maimaita wuri guda na sa'o'i.

Wanda ya yi zamani da Contra, wanda ya fito a na'urar Nintendo a 1988, ya kuma yaɗu a ƙasar nan cikin kaset-kaset masu ruwan ɗorawa, shi ne zai fi gane girman wannan sauƙi. Shi ma mutum biyu ke buga shi tare, amma ba shi da wurin ajiya ko ɗaya. In aka ɗauke wuta a mataki na shida, ko uwa ta ƙwala kira, to, duk abin da aka yi ya bi ruwa, gobe sai a faro daga daji na farko.

Abu na biyu da ya sa It Takes Two ya dace da gajeren zama shi ne yadda yake sake kama a kai a kai. A rumfar kaya May ce ke riƙe da kan guduma, Cody yana jifa da ƙusoshi. Sai ya kafa ƙusa a bango kafin ita ta sami abin lilo ta tsallake, sai ita ta doki maɓalli kafin hanya ta buɗe masa. A cikin bishiya, inda ake yaƙi da zanzaro, shi ke fesa ƙaro mai kama wuta, ita ke harba ashana ta kunna shi. A cikin agogo Cody ke juya lokaci gaba da baya, May kuma tana barin kamanninta a wani wuri ta koma can cikin ƙiftawar ido. A wurin dusar ƙanƙara kowa yana ɗauke da rabin mayen ƙarfe. Da an gama da kayan aiki guda sai a karɓe shi a ba da wani. Amfanin wannan ga mai ɗan lokaci shi ne, ba a bukatar ya riƙe tarin dabarun da ya koya makonni uku da suka wuce, kuma kusan kowane zama zai tashi da wani sabon abu da ya gani.

Har wa yau akwai ƙananan wasanni 25 da aka ɓoye a kan hanya, irin su jan igiya da tseren dodon koɗi, waɗanda a cikinsu ne kaɗai abokan biyu ke karawa da juna. Kowannensu 'yan mintoci ne, kuma da an gano shi sau ɗaya ana iya shiga kansa kai tsaye. Ga mai minti goma kacal, waɗannan su ne daidai aljihunsa.

In aka yi lissafi, tafiyar sa'a 14 ta zama zama 28 na rabin sa'a. Abokai biyu da ke haɗuwa sau uku a mako, suna yin minti 40 kowane zuwa, za su kai ƙarshe cikin mako bakwai, watau bai kai zangon karatu guda ba. Irin wannan cin labari kaɗan-kaɗan kuwa ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. A littafi na farko na Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta aka fara bugawa a 1937, da labari bayan labari aku ya riƙe ɗan sarki dare bayan dare, kowane labari yana da ƙarshensa, babban zancen kuma yana ci gaba.

INDA GIZO KE SAƘA

Duk da haka, ba kowane gajeren zama ne ya ishi wannan wasa ba. Kwatan sa'a, wanda shi ne mudun awon gidan gem, ya yi masa kaɗan ƙwarai. Kafin a kunna, a shiga, kowa ya zaɓi nasa, a tuna inda aka kwana, hannu ya saba da maɓallai, minti biyar sun tafi. In kuma aka yi rashin sa'a zaman ya faɗa kan wurin da ake nuna hoton labari, inda Dakta Hakim ke zuba surutunsa, sai a tarar an biya kuɗin kallo ne kawai. Sabon kayan aikin nan da aka yaba a baya shi ma yana da nasa haraji, domin kowanne sai an ɗan yi tuntuɓe da shi kafin a gane kansa, kuma abin takaici ne a ce lokaci ya cika daidai sa'ad da hannu ya fara faɗawa.

Sa'an nan akwai manyan abokan gaba da ke tsare ƙofar wasu sassa, kamar tsohuwar na'urar zuƙe ƙura da akwatin kayan aiki a babi na farko, da sarauniyar zanzaro a na biyu. Faɗa da irin waɗannan hawa-hawa ne, kuma sababbin shiga sukan faɗi sau da dama kafin su gane lagonsu. Wanda ya tashi a tsakiyar irin wannan faɗa, ran da ya komo sai ya sake koyon abin da ya riga ya koya. Hikima ita ce, in an ga alamar an iso bakin babban faɗa alhali saura minti biyar, a yada zango a nan, a bar shi ya zama abin buɗe zama na gaba.

Saboda haka ma'aunin da ya fi dacewa shi ne daga rabin sa'a zuwa minti 45. A cikin wannan ana iya gama sashe guda ko rabinsa, a warware matsala biyu ko uku, a tashi da jin an ci ƙasa. Tazarar da ke tsakanin zama da zama ita ma kada ta yi yawa. Kwana biyu ko uku ba kome, amma in aka yi wata guda ba a komo ba, zaren labarin ya tsinke.

MAGANAR WUTA

A Yola da Jimeta ba agogo kaɗai ke yanke wa wasa tsawonsa ba, wutar lantarki ma tana da nata hukunci. A watan Afrilu na 2024, da ɓata-gari suka lalata turakun babban layin wuta da ke tsakanin Jos da Gombe, sai da aka shafe makonni ana fama da duhu a Gombe da Yola da Jalingo. Injin da ake komawa gare shi kuma ya zama abin lallaɓawa tun ran 29 ga watan Mayu na 2023, da aka janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Ga kuma zafin Maris da Afrilu, da yakan wuce digiri 40 a kwarin Binuwai, wanda ke sa na'ura ta yi ta huci a shagon kwano.

A nan wasan ya ci jarrabawa, domin ajiyar da yake yi da kansa ta sa ɗaukewar wuta ba ta cin fiye da 'yan mintocin aiki. Kuma in a kan benci ɗaya ake bugawa, ba a bukatar intanet. Abin lura kawai shi ne, ita PlayStation ba ta son a yanke mata wuta ba sallama. In aka yi haka, sai ta tsaya binciken ma'ajiyarta kafin ta tashi, wani lokaci ma ajiyar takan lalace. Mai shagon da ya sa ɗan batirin riƙe wuta tsakanin soket da na'ura ya tsare dukiyarsa, ya kuma tsare wahalar abokan cinikinsa.

ABOKIN TAFIYA DA AJIYAR AMANA

Babbar matsalar ba a cikin faifan take ba. Wasan ƙwallo da kowa ake buga shi, duk wanda aka tarar a kan benci abokin karawa ne, ko an san sunansa ko ba a sani ba. Wannan kuwa sai da aboki guda tsayayye, wanda za a fara da shi a ƙare da shi. In aka sake aboki a babi na huɗu, sabon bai san labari ba, bai san kan maɓallai ba, tsohon kuma in ya komo ya tarar an wuce shi, sai ɓacin rai. Ashe ke nan rabin sa'ar da ake magana ba ta mutum ɗaya ba ce, tilas ta zama rabin sa'ar da mutum biyu suka samu a lokaci guda, a wuri guda, har sau ashirin da wani abu.

Wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne. Ɗalibin Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei, a ƙetaren kogi, da abokinsa mai tsaron shago a babbar kasuwar Jimeta, kafin lokacinsu ya haɗu sai an yi da gaske. Wanda ke cikin garin Yola in zai zo Jimeta, kuɗin Keke zuwa da komowa na iya fin kuɗin wasan. Gaskiya ne kamfanin ya yi wani tsari mai suna Friend's Pass, inda mutum ɗaya zai sayi wasan, abokinsa ya shiga kyauta daga nasa gida, amma wannan sai da na'ura biyu, da intanet mai ƙarfi, da wuta a gidajen biyu a lokaci guda, ga kuma kuɗin rajistar wasa ta intanet da PlayStation ke karɓa. Kaɗan ne ke da wannan hali. Waɗanda wasan ya fi yi wa daidai su ne waɗanda dama rayuwa ta haɗa su: wa da ƙane, 'yan ɗaki ɗaya a makaranta, maƙwabta, ko miji da mata a cikin gidansu. 'Yan mata ma, waɗanda ba safai suke shiga gidan gem ba, a gida suna iya bugawa da 'yan'uwansu.

Matsala ta biyu ita ce ta ajiya. A gida babu damuwa, inda aka tsaya nan za a tarar. A shago kuwa na'ura ɗaya ce ke hidimar mutum da yawa, in wasu suka zo bayan an tashi suka ci gaba da wasan ko suka faro shi, matsayin na farko ya gushe. Maganin wannan yana hannun mai shago, kuma ba ya cin ko kwabo. PlayStation 4 tana karɓar sunayen masu amfani har 16, kowane suna da ajiyarsa dabam, sai a buɗe wa kowane abokai biyu nasu. In sunayen sun cika, akwai wata dabarar: a sami waɗanda za su buga wasan har ƙarshe sau ɗaya don dukan sassa su buɗe, sa'an nan a ajiye littafin rubutu irin na 'yan makaranta, duk waɗanda suka tashi a rubuta sunan sashen da suka tsaya. Ya kuma kamata a sake ma'aunin ciniki, a riƙa sayar da shi da rabin sa'a, tun da ba shi da usur ɗin tashi. Mai shagon da ya yi haka ya sami abokan ciniki biyu da za su yi ta komowa har mako bakwai, kuma babu gardamar wanda aka ci shi zai biya.

SAURAN 'YAN GIDANSU

Ba dukan wasannin haɗin gwiwa ne suka yi daidai da wannan awo ba. A Way Out, wanda shi ma Hazelight ya fitar a 2018, labarin fursunoni biyu ne, Leo da Vincent, masu shirin tserewa daga kurkuku. Bai fi sa'a shida ba, amma gininsa na fim ne, daɗinsa yana cikin bin labarin ba yankewa, saboda haka ya fi son zama biyu ko uku masu tsawo. Ban da haka na manya ne, an yi masa alamar shekara 18. Split Fiction, wanda ya fito ran 6 ga watan Maris na 2025, ya bi sawun It Takes Two, har ya ƙara da gajerun labarai na gefe da ake gamawa a zama guda, sai dai ba ya hawa PlayStation 4, wadda ita ta fi sauƙin samu. Wanda kuwa kwatan sa'a ne iyakar ƙarfinsa, Overcooked na 2016 shi ne nasa, inda mutum biyu zuwa huɗu ke haɗuwa a madafa guda suna yanka da dafawa da wanke kwanoni, kowane zagaye minti uku ko huɗu. Sai dai wannan ba doguwar tafiya ba ce, aikin gayya ne na ɗan lokaci.

ABIN DA YA SHAFI IYAYE

Iyaye da yawa a Jimeta ba sa ƙaunar jin sunan gidan gem, kuma suna da hujja. Sun ga yaran da suka gudu daga makaranta saboda shi, sun ga kuɗin cefane ya salwanta a can, sun ga yadda wasan ƙwallo kan rikiɗe ya zama caca. A garin da ya sha fama da 'yan Shila, duk wurin da samari ke taruwa ba mai sa ido dole ya tayar da hankalin uba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shekarar 2019, ta sa jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka, watau sa'ad da mutum ya kasa mallakar kansa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuransa, ya kuma ci gaba ko da ya ga ɓarnar da yake yi masa. Ƙasar Sin kuwa a watan Agusta na 2021 ta kafa doka cewa 'yan ƙasa da shekara 18 ba za su yi wasan intanet ba sai sa'a guda, daga ƙarfe takwas zuwa tara na dare, ran Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu.

A nan akwai wani abin da ya kamata a faɗa ba ɓoye-ɓoye. Kusancin zangunan nan, wanda ya sa tsayawa ta yi sauƙi, shi ne kuma ke sa a ƙi tsayawa. Tun da zango na gaba kullum yana nan kusa, sai zuciya ta riƙa cewa bari a ɗan ƙara, rabin sa'a ya zama sa'a biyu ba a farga ba. Wasan ƙwallo alƙali ke tashinsa, wannan kuwa sai 'yan wasan sun tashi kansu. Saboda haka tilas a yanke lokacin tashi tun kafin a zauna, kuma a ɗaura shi ga abin da ba ya ɗaguwa, kamar kiran sallar magariba ko lokacin komawa shago. Abin da ke taimakawa shi ne, da ɗaya ya miƙe wasa ya tsaya, domin ɗayan ba shi da yadda zai yi ya ci gaba shi kaɗai a ɓoye har tsakar dare. Uban da ya san abokin wasan ɗansa, ya kuma yarda da tarbiyyarsa, ya rage wa kansa rabin tsaro.

Ya kamata kuma a san abin da ke ciki. A Turai an yi wa wasan alamar shekara 12 zuwa sama. Jigonsa mutuwar aure ne da halin da yara ke shiga a tsakani, abin da ba baƙo ba ne a gidajen ƙasar nan, kuma akwai wani wuri a ɗakin Rose inda iyayen suka hallaka 'yar giwar wasanta da gangan don su sa ta kuka, wanda ko manya yakan sosa musu rai. Ƙaramin yaro bai kamata a bar shi da wannan ba sai da babba a kusa. Maganar cikin wasan da Turanci ake yi, babu Hausa babu Fulatanci, amma aikin hannun ana gane shi ko ba a ji kalma ɗaya ba.

A ɗaya gefen, wasan yana koyar da abin da dandali ya daɗe yana koyarwa. A langa, ruwa ba ya isa gida sai 'yan ɓangarensa sun tare masa abokan gaba, su kuma ƙarfinsu ba shi da amfani in ruwa ya faɗi. Haka abin yake tsakanin mai guduma da mai ƙusa. Gwani ba ya iya gudu ya bar rago a baya, dole ya jira shi, ya nuna masa, ya ƙirga masa ɗaya, biyu, uku don su danna tare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Iyakar magana dai ita ce, It Takes Two ya dace da gajeren zama fiye da yadda tsawonsa ke nunawa, in dai gajeren ya kai rabin sa'a, an sami wurin ajiya amintacce, an kuma sami abokin da ba ya saɓa alkawari. Na farko da na biyu mai shago na iya shirya su cikin yini guda. Na ukun kuwa sai yaro ya duba cikin abokansa da kyau kafin ya ɗauki hannu, gama wanda ya iya zuwa a kan lokaci sau ashirin da takwas, ya kuma tashi a kan lokaci sau ashirin da takwas, aboki ne da za a iya haɗa abin da ya fi wasa da shi. Sauran kuma haƙuri ne da bin hanya zango-zango, tun da masu iya magana sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.